Yadda muka bi takardun fanshon marigayi Kanar na Jeni, daga Garwa zuwa Yawunde

Yayana ya rasu a watan Oktoba na 2022 a wani asibiti a nan Garwa, yana Kanar a rundunar injiniyoyin soja, wadda kowa a Kamaru ya fi sani da Jeni. Bai kai ga ritaya ba, saura kaɗan. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, huɗu daga cikinsu ba su cika shekara 21 ba, kuma dangi suka ɗora mini bin takardunsa. Wata 16 muka yi kafin kuɗin farko ya shiga hannun matansa, kuma na tabbata wata biyar daga ciki mu muka jawo wa kanmu, don ba mu san wace takarda ke gaba da wace ba. Zan faɗi yadda abin ya gudana bi da bi, saboda iyalan hafsoshi da ke unguwannin Hausari da Yelwa a nan Garwa, da na Marwa da Kuseri, waɗanda wata rana wannan nauyi zai hau kansu.

Ranar rasuwa hankalin kowa yana kan wanka da likkafani da makabarta, kuma haka ya kamata. Amma kafin a fitar da gawa daga asibiti, a ware mutum ɗaya mai natsuwa ya tsaya wajen likita ya karɓi takarda biyu: shaidar cewa an rasu, da wadda ke bayyana sanadin rasuwar. Ta biyun ce mutane suke mantawa, alhali ita ce ake nema daga baya idan ana son sanin ko ciwon yana da alaƙa da aiki. Duk wani kati na asibiti, sakamakon gwaji da takardar hutun jinya da likitan soja ya sa wa hannu, a tattara su wuri guda tun ranar. A kuma sanar da shugabansa na soja nan take, ko da ta waya ce, domin daga wannan sanarwa ne rundunar ke buɗe nata ɓangaren aikin. Bayan addu'ar bakwai na je meri, wato ofishin magajin gari, da katin shaidar marigayin da takardar haihuwarsa da shaidu biyu, kowanne da nasa katin. A lokacin doka ta ba da kwana 90 don yin rajistar rasuwa, wanda ya wuce wa'adin kuma sai ya bi ta hannun mai shari'a. Aka rubuta takardar rasuwa, wadda a can suke kira acte de décès. Kafin in sa hannu na karanta sunan harafi bayan harafi na gwada shi da na takardar haihuwa. Kowane kwafi da aka tabbatar yana cin tambur, wato kan sarkin gwamnati da ake saya a liƙa wa takarda. A ƙarshen 2022 tambur sefa 1,000 ne, daga Janairun 2023 ya koma 1,500, jaka ɗaya da rabi kenan, kuma a wannan tafiya sai mutum ya liƙa fiye da hamsin.

Mako na uku muka buɗe akwatin ƙarfensa, irin koren nan na sojoji, a gaban uwargidansa, Hajiya Babba, da babban ɗansa. Wanda bai taɓa ganin takardun hafsa ba zai ɗauka tarkace ne, amma rayuwar mutumin ce kaf a ciki. Akwai shaidar bakaloriya, wato ta kammala sakandare, daga lise ta Garwa, da takardar shigarsa makarantar hafsoshi ta EMIA da ke Ngoa-Ekelle a Yawunde, da dikirin, wato takardar umarnin Shugaban Ƙasa, da ya ba shi muƙamin farko na ƙaramin laftana. Akwai shaidar kwas ɗin da ya yi a makarantar injiniyoyin soja ta garin Anje a Faransa, da takardun tura shi Duwala inda babban sansanin Jeni yake, sannan na zamansa kaftin, sannan kwamanda, wato manjo, da zaman da ya yi a yankin Bakasi shekarun da ake takaddama da Najeriya, kafin hukuncin kotun duniya na 2002 da miƙa yankin gaba ɗaya a 2008. Akwai shaidar makarantar manyan hafsoshi, da ta makarantar yaƙi ta Simbok. Muka shimfiɗa tabarma muka jera su bisa shekara. Nan muka ga abu ɗaya ya ɓace: dikirin da ya ɗaga shi zuwa laftana-kanar babu shi. Ban ɗauke shi da muhimmanci ba a ranar, kuma wannan kuskure ne.

Cikin akwatin akwai kuma abin da ba na iyali ba ne, kuma a nan hafsan Jeni ya bambanta da sauran hafsoshi. Shi ba mutane kaɗai yake shugabanta ba, yana sa hannu a kan kaya: katafila, gireda, motar daddage ƙasa, tankar ruwa, janareta, na'urar awon ƙasa, man gas na wurin aiki. Mun tarar da taswirori da zanen gadoji da littattafan wurin aiki guda shida da rubutun hannunsa. Mafi yawansu na hanyar Mora zuwa Dabanga zuwa Kuseri ne, hanyar nan mai tsawon fiye da kilomita 200 da aikinta ya tsaya bayan harin Waza na watan Mayun 2014, inda aka sace ma'aikata 'yan Sin goma, har gwamnati ta damƙa wa Jeni ita a 2018. Na zauna na karanta ɗaya. Kowace rana ya rubuta ƙarfe nawa masu binciken bam suka gama duba hanya kafin a bar injuna su fita, tifa nawa ta jan tsakuwa aka zuba, lita nawa aka sha, wace mota ta lalace da abin da ya same ta. Shafi da yawa a kan karal ne, baƙar ƙasar nan ta arewa mai nisa da ke kumbura da damina ta tsattsage da rani. Ya rubuta cewa in aka zuba tsakuwa da kauri fiye da kima, sama za ta daddagu ƙasa ta zauna sako-sako, damina ɗaya sai hanya ta lotsa. Shi ya sa yake sa a zuba sashi-sashi, a yayyafa ruwa daidai, a daddage, a gwada, sannan a ƙara wani. Waɗannan littattafai na hukuma ne, kuma dole a mayar.

Bayan kwana arba'in wani kaftin ya zo da ajidan ɗaya, wato soja mai muƙamin da ke sama da saje, da jerin kayan da ke rubuce da sunan marigayin. Muka miƙa bindigarsa ta hannu da motar aiki da taswirori da littattafan, kowanne aka rubuta aka sa hannu, na karɓi kwafina. Sai ga janareta ɗaya da na'urar awo ɗaya a jerin, tun 2019 suna wuyansa, kuma ba su a gida. Gabana ya faɗi, don irin wannan kan iya zama bashi a kan mamaci. Allah ya taimake mu, a cikin littafi na huɗu akwai wata 'yar takarda a ninke, shaidar cewa ya miƙa su ga hafsan da ya gaje shi a wurin aikin, da kwanan wata da sa hannun su biyun. Kaftin ɗin ya duba ya ce, “Alhaji, wannan ta wanke shi.” Saboda haka kada a miƙa littafi ko jaka ko ɗaya sai an buɗe shafi-shafi an ciro irin waɗannan takardu an yi musu kwafi. Kada kuma a ba kowa komai da baki, ko da abokinsa ne na ƙut da ƙut.

Maganar banki gajeriya ce amma tana da ciwo. Albashi ba ya tsayawa ranar da mutum ya rasu, sai an dakatar da shi daga Yawunde. Namu ya ci gaba da shiga wata uku. Kuɗin da ya shiga bayan an daina bin mutum albashi ba na iyali ba ne, baitulmali zai cire abinsa daga haƙƙin da za a biya daga baya. Na kai wa banki takardar rasuwa aka rufe asusun, ba mu taɓa ko dala ba. Na san gidajen da suka ci irin wannan kuɗi da zuciya ɗaya suna zaton taimako ne, ranar biya suka ga an zabge musu.

Daga nan sai taron dangi. Ba zaman gaisuwa ba ne, zama ne da ake rubutawa: sunan mamaci, sunayen matansa da 'ya'yansa duka kamar yadda suke a takardun haihuwa, wanda aka naɗa ya kula da dukiya, da wanda zai riƙi yaran da ba su kai 21 ba. Mu mun rubuta kowace uwa ita ce mai riƙon 'ya'yanta, kuma ina ba da shawarar haka, yana kashe zargi tun bai taso ba. Kowa ya sa hannu da lambar katinsa, aka kai aka tabbatar da sa hannun. A wannan zama ne wani kawunmu ya tambaya ko fanshon zai shiga rabon gado. Gida da gona da shanu da abin da ke banki kafin rasuwa, waɗannan alƙalin fadar Lamiɗo ya raba mana su bisa shari'a. Fanshon da gwamnati ke biya bayan rasuwa kuwa tana biyan sa ne da sunan matan aure da yara ƙanana bisa nata tsarin, ba ta ba ƙane ko kawu. Gara a faɗi wannan a fili a gaban kowa tun ranar farko. Takardar alƙalin fada kuma, duk da girmanta a wurinmu, ba ta tsayawa a madadin hukuncin kotu a ofisoshin Yawunde.

Hukuncin da ake nema shi ne wanda ke tabbatar da magada, jugement d'hérédité. Mun shigar da buƙata a kotun matakin farko, wadda ke shari'a bisa al'ada, mai shari'a na zaune da mataimaka biyu masana al'adar masu ƙara. Muka haɗa takardar rasuwa, rahoton taron dangi, takardun aure biyu, takardun haihuwar 'ya'ya tara da katunan shaidu. A nan takaba ta shigo. Matan suna cikin wata huɗu da kwana goma, ba mai fitar da su zuwa kotu, don haka na roƙi a sa ranar zama bayan sun fita, aka sa Maris na 2023. Zaman farko aka ɗage saboda shaida ɗaya ya zo da katin da ya ƙare aiki. Zama na biyu bai fi minti ashirin ba: aka kira sunaye, aka tambayi matan ko sun yarda da abin da aka rubuta, aka tambayi shaidu ko akwai wata mata ko wani ɗa a wani wuri. Bayan hukunci sai jiran a buga shi a yi masa rajista, sannan a jira wa'adin ɗaukaka ƙara ya cika, a karɓi shaidar cewa ba wanda ya ɗaukaka. Ba tare da wannan shaida ba hukuncin bai cika ba. Mun same ta a tsakiyar Mayu. Tsakanin kuɗin shigar da ƙara da rajista da tambura da kwafi, kotu ta ci mana kusan jaka sittin.

Ga babban kuskurenmu. Tun watan Janairu, don ɗoki, na bi na karɓo ƙananan takardun nan: shaidar cewa matan ba su sake aure ba, shaidar cewa ba a sake su ba kafin rasuwa, shaidar cewa yaran suna raye, shaidar makarantar kowane yaro, shaidar wurin zama, da tabbatattun kwafin takardun haihuwa. Na yi ta zirga-zirga tsakanin meri da ofishin superefe, wato jami'in mulki na gunduma, kusan mako biyu. Ashe irin waɗannan ba a karɓar su idan sun wuce wata uku. Kafin hukuncin kotu ya fito duk sun mutu, sai da na sake su daga farko, da sabon farashin tambur. Su ne na ƙarshe da za a nema, cikin mako biyun da ke gaban tafiya.

A watan Yuni na kama hanya. Mota daga Garwa zuwa Ngaundere, a hau dutsen nan mai lanƙwasa kafin a shiga gari, sannan jirgin ƙasa na dare wanda ke isa Yawunde da safe. Na sauka a unguwar Birketeri wajen 'yan uwa, kuma duk wanda zai yi wannan tafiya ya shirya zaman mako guda aƙalla, kada ya yi zaton kwana biyu za su isa. Dosiyen soja, wato fayil ɗin takardunsa, daga Ma'aikatar Tsaro yake farawa, ba daga Ma'aikatar Kuɗi ba. A bar waya a ƙofa idan an ce a bari, a ajiye katin shaida a karɓi na baƙo, a zo da safe. Abu biyu muka nema a tare: kuɗin da ake biyan iyalin wanda ya rasu yana bakin aiki, capital-décès, da fanshon matan da marayu. Kowanne da nasa dosiye da nasa takardar roƙo mai tambur, don haka komai sai an yi shi biyu. Ajidan ɗin da ya karɓe ni ya buɗe dosiyen ya ɗauko wata doguwar takarda daga nasu ɓangaren, wadda ke ɗauke da tarihin aikin soja tun ranar da ya shiga har ranar da ya fita: kowane muƙami da ranarsa, kowane wurin aiki, kowane kwas, kowace tafiya fagen daga. A kanta ake lissafin shekarun aiki, kuma matakin albashinsa na ƙarshe ne ke nuna nauyin fanshon. Ya bi da yatsa yana gwadawa da takardunmu, ya tsaya a wurin laftana-kanar ya ce a kawo dikirin. Ya kuma nuna wata goma sha ɗaya da marigayin ya yi a wani aikin gada da ba a shigar ba, ya ce in akwai takardar turawa a kawo a gyara.

Sai kuma ya ɗauki takardun amarya ya jera su uku. A takardar haihuwa sunanta da harafin H a farko, a takardar aure babu H, a katin shaida kuma an haɗe sunanta da na mahaifinta wuri guda. Mu a gida mun san mace ɗaya ce, amma takarda ba ta san haka ba. Wannan matsala ta yi yawa a wurinmu, domin sunayenmu ma'aikatan rajista suna rubuta su da kunnen Faransanci, kowa yadda ya ji: Muhammadu ɗaya sai ka gan shi da rubutu uku. Dosiyen bai shiga ba. Na fito na zauna a gindin wata bishiya a bakin titi na kira Hajiya Babba, na ce, “Hajiya, sai haƙuri, sai na dawo gida na sake zuwa.” Ta ce, “Allah ya ba ka lada, ka dawo lafiya.” Wannan rana ta fi kowace nauyi a gare ni.

Gyaran ya kasu biyu. Idan bambancin rubutu ne kawai tsakanin takardu, ana karɓar shaidar cewa mai sunayen nan mutum ɗaya ne, certificat d'individualité, da shaidu biyu, kuma cikin kwana uku muka same ta a Garwa. Idan kuwa kuskuren yana cikin asalin rajista ne, kamar ranar haihuwa ko sunan uba, sai an koma kotu an nemi hukuncin gyara, wannan kuma watanni ne. Dikirin da ya ɓace kuwa, wani tsohon kanar abokin zangonsa, wato wanda suka yi aji ɗaya a EMIA, ne ya warware mana. Ƙarin girman hafsoshi Shugaban Ƙasa ne ke sa masa hannu, kuma dikiri ɗaya kan ɗauki sunaye da yawa, don haka duk wanda aka ɗaga su tare yana da kwafin da sunan naka ke ciki. Ya aiko da shi cikin mako. Takardar turawa aikin gadar kuma tana cikin akwati, mun tsallake ta ne saboda ta manne da wata. A nemi abokan zangon mamaci tun da wuri. Sun san ƙofofin, sun san wa ke zaune a wane ofishi, kuma suna ɗaukar iyalin ɗan zangonsu tamkar nasu.

Na koma a watan Agusta, kafin ƙananan takardun su sake mutuwa. Wannan karon dosiyen ya shiga, aka ba ni 'yar takardar karɓa mai lamba da kwanan wata. Wannan lamba ita ce komai, da ita ake tambaya, ba da sunan mamaci ba. Na yi mata kwafi uku na ɗauke ta a waya. Daga nan dosiye na bin teburori: a yi lissafi, a rubuta ƙudurin ba da fansho, a duba ta fuskar kuɗi, a sa hannu, sannan ya wuce Ma'aikatar Kuɗi a buɗe wa kowace mata lambar biyanta. Kowace sai ta buɗe asusun banki da sunanta ta ba da shaidar lambar asusun, kuma sunan da ke banki ya dace da na ƙudurin. Na wakilta wani ɗan uwa a Birketeri yana leƙawa duk mako biyu da kwafin takardar karɓa. Akwai masu tsayawa a bakin ofisoshi suna cewa a ba su kaso su fitar da dosiye cikin wata ɗaya. Ban ba kowa ba, kuma ban ba kowa asalin takarda ba. Ƙudurin ya fito a Disamba, kuɗin wata ya fara shiga a Fabrairun 2024, bashin watannin baya da kuɗin rasuwa suka biyo daga baya, bayan an cire albashin wata ukun nan.

Da zan sake, ga yadda zan yi. Takardun asibiti ranar rasuwa, rajistar meri cikin makon farko, sanar da banki, sannan in zauna da takardun matan da na yara in gwada sunaye da ranakun haihuwa tun kafin arba'in, domin gyaran suna yana iya tafiya lokacin da matan ke takaba, ba sai an jira ba. A lokacin ne kuma zan jera dikirori daga ƙaramin laftana zuwa muƙamin ƙarshe in ga wanda babu. Taron dangi, kotu, shaidar rashin ɗaukaka ƙara, sai ƙananan takardu, sai tafiya. Da haka tafiya ɗaya za ta isa, kuma kuɗin da muka kashe, wanda ya haura jaka 400 idan an haɗa da mota da jirgi da zaman Yawunde sau biyu, da ya ragu sosai.

Ga hafsoshin da ke raye kuma, musamman 'yan Jeni da ke shekara suna yawo daga wannan wurin aiki zuwa wancan, abin da ya fi ceton iyalin yayana shi ne ya yi wa aurensa duka biyun rajista a meri, kuma tun a auren farko an rubuta cewa ya zaɓi tsarin mace fiye da ɗaya. Ɗaurin auren da liman ya yi a zaure aure ne cikakke a addini, amma matar da ba ta da takardar meri za ta sha wuya ƙwarai kafin sunanta ya shiga dosiye. Kowane ɗa a yi masa takardar haihuwa a kan lokaci. Duk kayan da aka miƙa a wurin aiki a karɓi shaida a ajiye ta a gida, ba a ofis ba. Kuma tun mutum yana bakin aiki ya nemi ganin takardar tarihin aikinsa ya karanta, don shi kaɗai ya san watannin da ya yi a Bakasi ko a Waza, kuma shi kaɗai zai gane idan an tsallake su.

Bayan biya ma akwai abin kiyayewa. Yaron da ya cika 21 rabonsa yana tsayawa, kuma idan ɗaya daga cikin matan ta sake aure sai a sanar, kada kuɗi ya ci gaba da shiga ya zama bashi a kanta. Duk lokacin da aka yi kiran ƙidayar masu fansho, su je da kansu da katin shaida mai aiki da kwafin ƙudurin. Asalin takardun duka na mayar da su cikin koren akwatin, kowace mata kuma na ba ta cikakken kwafi a jakarta, da lambar biyanta a rubuce a bangon farko.